Anti Sikeli da Ƙwayoyin Auta

Daga ƙofar gidanta zuwa ƙofar asibitin unguwa taku dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in ne, idan ba a yi ruwa ba. Ranar da aka yi ruwa sai ta zagaya ta bayan makarantar firamare, taku ɗari uku ya ƙaru. Ta ƙirga ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don ita mace ce da ba ta jituwa da kalmar "kusan". In ka ce mata za ka zo wajen ƙarfe tara, sai ta tambaye ka, saura minti nawa ko da minti nawa?

Kowa Anti Sikeli yake ce mata, har mijinta direban bas idan yana son tsokanarta. Sunan ya fito ne daga wani ɗan sikelin awon mutum da take yawo da shi cikin jaka. Gilashinsa ya tsage, kuma yana ƙara wa kowa rabin kilo, amma ta san halinsa, tana cirewa a kanta kafin ta rubuta. Aikinta bibiyar masu tarin fuka. Likita ne ke rubuta magani, Sista mai kula da ɗakin tari ita ke bayarwa, ita kuwa Anti nata shi ne ta tabbatar maganin ya shiga ciki, kullum da safe, har wata shida. A shekarar da wannan abu ya faru mutum talatin da uku ne a hannunta, kuma ta san ƙofar kowannensu, ta san wanda karensa ke cizo da wanda matarsa ke cewa ba ya nan alhali ga takalmansa a bakin ƙofa.

Ba karatu ne ya kawo ta aikin ba. Tela ce a da, a wani shago mai keke goma sha biyu inda ake ɗinka kayan makaranta. Tana da shekara ashirin da tara tarin ya kama ta. Ta sha magani kwana saba'in da ɗaya, tari ya tsaya, kumatu suka ciko, ga aiki ya taru a kan kekenta, sai ta tura sauran maganin ƙarƙashin katifa ta ce ta warke. Bayan wata bakwai ciwon ya dawo da ƙarfinsa. A karo na biyu wata takwas ta yi, da allura guda sittin a farko, allurar da ta tafi da jin kunnenta na hagu. Shi ya sa in kana mata magana take ɗan juyo da kai kamar mai jin gulma. Da ta warke sai ta kasa rabuwa da bencin asibitin. Kullum tana can tana yi wa masu tsallake magani faɗa ba wanda ya sa ta, har Sista ta gaji ta ce, "Tunda bakin nan ba ya gajiya, zo mu ba shi aiki." Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Tsarinta ba shi da wuya. Ranar farko takan zaunar da mai ciwo ta gaya masa abu uku: a sha magani kafin a ci komai, kada a tsorata idan fitsari da gumi suka koma ja-ja kamar ruwan tsatsa, aikin maganin ne, sannan a ajiye mata fankon katin magani, kada a yar. Kowane mako ta zo ta karɓi fanko, ta ƙirga ramukan da aka ɓalle, ta ɗora mutum a sikeli, ta ba shi sabon kati. Kuma duk wanda ke kwana gida ɗaya da mai ciwo sai an duba shi.

Mutum na talatin da uku shi ne Auta. Kafinta ne, shekararsa talatin da huɗu, 'ya'yansa uku, amma har yanzu Auta ake ce masa, shi ma in an kira shi da sunan yanka sai ya waiga ya ga da wa ake. Yana aiki a shagon yayansa, wanda ya girme shi da shekara goma sha huɗu, ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya kuma koya masa riƙe zarto. Gida ɗaya suke haya, ɗakin Yaya na kallon na Auta. Tun da matar Yaya ta rasu, 'ya'yansa kuma suka kama gabansu, matar Auta ce ke masa girki da wanki. Maman Biyu ake ce mata saboda tagwayenta. Duk layin an san 'yan'uwan nan da abu ɗaya: komai biyu suke raba shi. Aiki rabi da rabi, shayi rabi da rabi, har maƙwabta na cewa burodi ma sai sun sa masa tef ɗin awo kafin su yanka.

Auta ya zo da kilo hamsin da bakwai, aka yanka masa ƙwaya huɗu a rana. Kati ɗaya ƙwaya ashirin da takwas, daidai mako guda. Anti ta rubuta mutanen gidan su biyar: Maman Biyu, tagwaye, jaririya, Yaya. Huɗu suka zo aka duba su, lafiya lau. Yaya bai zo ba. Ta bi shi shago sau uku, sau ukun ana ce mata ya tafi sayen katako. Ta bar layinsa a littafinta babu komai, da niyyar za ta koma, sai aiki ya ɗauke mata hankali, don a watan mutum biyu sun ɓace mata, ɗaya ya canja gida, ɗaya ya canja lambar waya.

Auta kuwa bai taɓa ba ta wahala ba. Kowace Talata shi da kansa yake kawo fanko asibiti, a miƙe, ba lanƙwasa.

"Ashirin da takwas cif," takan ce. "Da duk irinka ne, Auta, da tuni na yi ƙiba."

"Ai ni mutumin kirki ne, Anti, sani ne ba a yi ba."

Sikeli ne kawai bai yarda da shi ba. Mako na biyu hamsin da bakwai. Na huɗu hamsin da shida da rabi. Na bakwai hamsin da shida. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce kamar gara. Ta ce to aikin ne ya yi masa yawa, ya rage.

Ranar kwana hamsin da shida aka yi masa gwajin kaki na wata biyu. Washegari Sista ta kira ta ofis, ta tura mata takarda a kan tebur.

"Mutumin kirkinki. Ƙwayar cutar tana nan daram."

"Ba zai yiwu ba. Kati takwas, rami ɗari biyu da ashirin da huɗu, ni na ƙirga da hannuna."

"Rami kika ƙirga. Kin ga ya haɗiye?"

Anti ta sake duba takardar.

"An aika kakinsa babban ɗakin gwaji," in ji Sista. "Za su duba ko maganin yana ci har yanzu. In cutar ta saba da shi, kin fi ni sanin abin da ke gaba."

Ta sani kuwa. Wani maganin ne daban, mai nauyi, mai tsawo, wanda ba kowane jiki ke ɗauka ba, ga mutum da 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta ma fara rarrafe ba. Ta saɓa jakarta ta fita, ko shayin da aka zuba mata ba ta taɓa ba.

Ba shago ta nufa ba, gidan ta je. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ta iske Maman Biyu a tsakar gida, jaririya a baya, tana matse wanki.

"Lale da Anti! Yau ba Talata ba ce fa."

"Ƙafa ce ta kawo ni. Ƙanwata, maigidanki yana shan maganin nan kuwa?"

"Kullum. Da kaina nake ɓallo masa huɗu in sa masa a aljihu, ya ce a shago yake sha da ruwan randar can, wai ya fi sanyi."

"A gabanki bai taɓa sha ba?"

"Kwanakin farko dai. Daga baya ya ce shi ba yaro ba ne."

Anti ta zauna a kan wata kujera da ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, irin wadda ba a rasawa a gidan kafinta. Idonta ya faɗa kan igiyar shanya, kuma da yake ba ta iya ganin abu a jere ta ƙyale shi, sai ta fara ƙirgawa. Wandon yara shida. Zani biyu. Singileti huɗu, biyu ƙanana, biyu manya. Ta tashi ta matsa kusa. Ƙananan, na Auta, suna da ja-ja a hammata da wuya, wannan ba abin mamaki ba ne. Ta ɗaga manyan. Su ma haka.

"Waɗannan na wa ne?"

"Na Yaya. Kin ga yadda suka koma? Na sa sabulu, na jiƙa su kwana, abin ya ƙi fita. Na ce ko jan katakon da suke yankawa ne."

"Yaya yana tari?"

Maman Biyu ta kalli ƙofar ɗakinsa duk da ta san ba ya ciki, ta rage murya. "Tun kafin na Baban Biyu ya fara. Amma wa ya isa ya gaya masa? Ya ce ƙurar katako ce, shekara talatin yana shaƙarta."

Daga gidan zuwa shagon taku ɗari huɗu da goma ne, amma ranar ba ta ƙirga ba. Shagon rumfar kwano ce mai buɗaɗɗen gaba, garin katako har idon sawu, bencina sababbi jere a gefe, an ɗora wasu kan wasu. Wannan karon ba a sami damar cewa Yaya ya tafi sayen katako ba, don ga shi nan tsaye da fensir a kunne, dogon mutum wanda rigarsa ta fara yi masa yawa. Auta na durƙushe yana buga ƙusa. Da ya gan ta sai gudumar ta tsaya a sama.

"Sannunku da aiki. Babban Kafinta, yau dai Allah ya haɗa mu."

"Baiwar Allah, in kujera kike so sai wata mai zuwa. Benci arba'in makaranta ke jira."

"Ba kujera nake so ba. Tambaya ɗaya ce. Da safen nan ƙwaya nawa ka sha?"

Yaya ya kalli ƙanensa. Auta ya kalli ƙusa.

"Biyu," in ji Yaya, ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. "Laifi ne? Ragowa ce. Yaron nan ya ce kun ba shi da yawa, biyu nasa, biyu na ko-ta-kwana. Na ce maimakon su lalace. Kuma wallahi na ji daɗinsu, tarin ya ragu."

Anti ta juyo da kunnenta na dama sosai. "Ya ce me?"

"Biyu nasa, biyu ragowa."

"Auta, tun yaushe?"

Auta ya ajiye gudumar. "Tun kwana na goma sha ɗaya."

Lissafin ya zo mata nan take. Kwana arba'in da shida, biyu-biyu, ƙwaya casa'in da biyu. Ta ajiye jakarta a kan benci.

"Babban Kafinta, babu ragowa. Ba a taɓa ba kowa ragowa ba. Huɗun nan duk nasa ne, da nauyinsa aka auna. Rabi yake sha, rabi yake ba ka. Yau gwajinsa ya fito, ciwon yana nan. Yanzu jira muke mu ji ko maganin zai sake yi masa aiki, ko ya daina ke nan."

Yaya ya cire fensirin daga kunnensa a hankali. Ya daɗe yana kallon Auta.

"Kai. Tashi tsaye in ina maka magana."

Auta ya miƙe, mutum mai 'ya'ya uku, hannu a baya.

"Naka kake ba ni?"

"Yaya, ina jin tarinka ta bango. Na ce mu je asibiti ka ce in sake faɗa sai ka ɓata mini rai. To in yi yaya? In zauna ina haɗiyar magani ni kaɗai, kai kana can kana..." Bai ƙarasa ba.

"Sai ka yi mini ƙarya? Ni? Ni da na wanke maka kashi?"

"Da na faɗi gaskiya ba za ka karɓa ba."

"Da ban karɓa ba mana, sakarai! Ka ga na taɓa cin rabonka tun da kake?"

Tari ya sarƙe shi, ya dafa benci, ya daɗe yana yi. Wani mai gyaran babur da ke maƙwabtaka ya leƙo, Anti ta yi masa alama da hannu ya koma. Ta bari sai da numfashin Yaya ya daidaita, sannan ta buɗe jaka ta fito da ɗan gwangwanin roba mai murfi, irin wanda ake tofa kaki a ciki. Guda uku take yawo da su kullum.

"Ni ba zan je asibiti ba," in ji Yaya, tun kafin ta yi magana. "Mahaifinmu da ƙafarsa ya shiga, da wannan tarin, a kafaɗa muka fito da shi. Kuma in kun kwantar da ni wa zai gama bencinan mutane?"

"Wa ya ce za a kwantar da kai? Ƙanenka an kwantar da shi? Ka zaga bayan rumfar nan, ka yi tari mai ƙarfi, ka tofa a nan, ka rufe. Ni zan kai. In ciwon ne, naka maganin daban, da sunanka a kai, ka sha a nan kana aikinka. In ka ƙi kuma, wannan," ta nuna Auta da haɓa, "na san shi yanzu. Ko na ɗaure masa hannu sai ya san yadda ya yi ya raba da kai. Ba zai warke ba sai kana da naka."

Yaya ya kalli gwangwanin kamar an miƙo masa kunama.

"Haka ne?" ya tambayi Auta. "Za ka sake?"

Auta ya sunkuyar da kai, kuma hakan ya ishi kowa amsa.

"Ka ji ɗan banza," in ji Yaya. Ya fizgi gwangwanin ya zaga baya.

Kwana uku aka yi ana jiran sakamako. Anti ta koma wa Sista ta faɗa mata komai, har da layin da ta bari babu komai a littafi. Sista ba ta yi mata faɗa ba, ta dai ce, "Ga shi kin gani." Wannan ya fi mata faɗa ciwo. A kwana ukun nan ta bi littafinta daga farko, ta tarar da layi bakwai irin na Yaya a gidaje biyar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gwangwani a jaka. Mijinta ya ce ko a barci ƙirga take yi. Mai gwaji kuwa, da ya gan ta a tagarsa karo na biyar, ya ce, "Anti, injin ba ya jin tsoronki, sai ya gama zai gama."

Ranar Asabar da hantsi takardu biyu suka iso. Sista ta karanta, ta cire tabarau.

"Babban yana da shi, kuma ya ci jikinsa ba kaɗan ba. Amma maganin yana ci. Duka biyun yana ci."

"Har Auta?"

"Har Auta. Da kun ƙara wata ɗaya a haka, ban san me zan ce miki ba. Likita ya ce a sake masa daga farko. Kwana hamsin da shidan nan a manta da su."

Anti ta zauna a kan bencin da ta saba yi wa mutane faɗa.

Yaya ya zo asibiti sau ɗaya, don dole likita ya gan shi, ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba yadda aka haɗa ƙyauren yana cewa aikin banza ne. Shi ma ƙwaya huɗu aka yanka masa. Anti ta rubuta wa kowa sunansa a kan katinsa da jan biro, ta ce daga yau an daina sa magani a aljihu. Wata biyun farko ita za ta zo shago ƙarfe bakwai na safe ta gani da idonta, sauran wata huɗun Maman Biyu ce za ta tsaya a kansu a gida, ta yi alama a takarda bayan an haɗiye, ba kafin ba.

Safiyar Litinin ta iso bakwai saura minti biyar. Ta tarar an share gaban shagon, an ajiye kofi biyu a kan sabon benci. Ta ɓallo huɗu ta zuba wa Yaya a tafin hannu, ta ɓallo huɗu daga ɗaya katin ta zuba wa Auta. Yaya ya watsa nasa baki ɗaya, ya kora da ruwa, ya yamutsa fuska.

"Wannan abu kamar ƙusa. Kai kuma me kake jira?"

Auta ya haɗiye nasa bibbiyu.

"Buɗe baki," in ji Yaya.

"Haba Yaya, a gaban mutane?"

"Na ce buɗe. Ɗaga harshe. Buɗe hannun. Ɗayan ma."

Mai gyaran babur ya fashe da dariya daga rumfarsa. Auta ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, ya buɗe hannuwa biyu. Babu komai. Anti ta yi alama biyu a takarda.

Haka aka yi kwana ɗari da sittin da takwas. Auta bai tsallake ko ɗaya ba, don Yaya bai taɓa bari ya rufe baki ba a duba ba. Yaya ya tsallake kwana biyu, lokacin da ya je ɗaurin auren 'yarsa ya manta katin a gida, aka ƙara masa su a ƙarshe, yana ta mita wai an yi masa tara. Bencinan makaranta sun makara da mako uku. Gwajin ƙarshe na Auta ya fito ranar wata Laraba, na Yaya ranar Juma'a, duka biyun babu komai a ciki.